Ƙaguwar Fadamarmu: Danginta da Asalinta

Duk wanda ya tashi a ƙasar Katagum ya san ƙaguwa. In damina ta yi nisa, Kogin Jama'are ya cika ya malala cikin fadamu, masu su da yara masu kiwo su kan gamu da ita a bakin ruwa, tana tafiyar nan tata a karkace, ta ɗaga awartakinta sama kamar mai neman faɗa. Amma da za a tsai da ɗayanmu a ce ya faɗi danginta, ko ya faɗi inda kakanninta suka fito, sai a ji shiru. Ga kuwa abin tambaya. Irin ƙaguwa da masana suka ƙidaya a duniya ya haura 7,000, galibinsu kuwa cikin ruwan gishiri su ke. Mu kuwa nan Azare tsakaninmu da teku ya fi mil 500. To, me ya kawo ƙaguwa ƙasarmu?

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne abin da na kan gani in na fita duba ɗalibanmu wajen gwajin koyarwa. Ɗalibi ya kan cika allo da matakan nan bakwai na rabe-raben halitta, yara su kwafa, su haddace, a tashi, ba wanda ya taɓa ko ƙafar fara. Ranar jarrabawa su zuba abin da suka haddace, bayan mako guda ya bi iska. Alhali ga dabba a bayan gari wadda za a koyar da darasin nan duka da ita. Saboda haka ina so in kawo muku shaidu biyu a kan ƙaguwa, watau shaidar suna da shaidar dutse, mu ji abin da kowace ta tabbatar, da inda ta tsaya.

Yadda a ke jera halitta

In za ka aika wa mutum takarda, ba ka rubuta sunansa kaɗai. Sai ka sa gidansu, da garinsu, da gunduma, da masarauta, da jiha, har ƙasa. Haka masana su ke yi wa kowace halitta. Wanda ya kafa wannan tsari wani masani ne na ƙasar Suwidin, sunansa Linnaeus. A shekarar 1758 ya fitar da bugu na goma na littafinsa mai suna Systema Naturae, daga nan ne kuwa a ke fara lissafin sunayen dabbobi har yau. Ya ba kowane iri suna biyu da Latinanci: na farko sunan gida, na biyu sunan irin kansa.

To, bari mu rubuta wa ƙaguwa adireshinta. Daularta ita ce ta dabbobi. Jiharta ita ce ta masu ɓawo a waje da ƙafafu gaɓa-gaɓa, waɗanda a ke kira Arthropoda. A nan ta ke tare da kunama, da fara, da gizo-gizo, da shanshani. Dukansu ba su da ƙashi a ciki, ɓawon nan shi ne ƙashinsu, shi ya sa ba su girma sai sun yi saɓa kamar maciji. Masarautarta Malacostraca. Gundumarta Decapoda, ma'anarsa masu ƙafa goma, tare da jatan landen da a ke kawo mana busasshe daga Kudu. Wanda ya ƙirga zai sami ƙafa 8 na tafiya da awartaki 2, goma ke nan. Cikin wannan gunduma akwai wani babban yanki na masu gajeriyar wutsiya, Brachyura, su ne ƙaguwoyi na ainihi. In ka birkice ƙaguwa za ka ga wani marfi manne da cikinta. Wutsiyar ke nan, ta naɗe ta ƙarƙashi. Daga nan sai gari, sai gida, sai iri, a nan ne kuma ƙaguwoyi su ke rabuwa da juna.

Shi Linnaeus bai raba su ba. Duk ƙaguwar da ya sani, da jatan lande, da danginsu, ya zuba su gida ɗaya ya kira shi Cancer, har ma ya sa su cikin ƙwari marasa fiffike. Waɗanda suka zo bayansa suka ga gidan ya cika ya batse, suka shiga raba shi.

Ƙaguwar gaɓar teku

Misalin wannan rabo shi ne ƙaguwar da yaran Turai suka fi sani, wadda su ke kamawa a gaɓar teku ƙarƙashin duwatsu in ruwa ya janye. Linnaeus ya sa mata Cancer maenas. A 1814 wani Bature ɗan Ingila mai suna Leach ya fitar da ita ya yi mata gida nata, Carcinus, sai ta koma Carcinus maenas. Gidan nan iri biyu ne rak a cikinsa masu rai: ita, da 'yar'uwarta Carcinus aestuarii ta Bahar Rum. Alamarta ba ta da wuya: haƙora 5 a kowane gefen ƙoƙon bayanta, da 'yan tudu 3 tsakanin idanu. Faɗin bayan babba ya kan kai inci 3 da 'yan kai. Asalin mazauninta gaɓar Turai ce da ta Afirka ta Arewa, tun daga Norwe har Muritaniya. An daɗe ana lissafa gidan cikin garin Portunidae, na ƙaguwoyi masu iyo, amma yanzu masana sun ware masa gari dabam, Carcinidae.

Kada wannan sauye-sauye ya dame ku. Azare tana cikin Jihar Arewa maso Gabas daga 1967, ta koma Jihar Bauchi a 1976, garin kuwa bai motsa ko taki ɗaya ba. Haka sunan dabba ya ke. In aka sami sabuwar hujja a kan dangantaka sai a gyara adireshi, dabba tana nan yadda ta ke. Dā siffar jiki kaɗai a ke dubawa. Yanzu an ƙara da binciken ƙwayoyin gado da ke cikin tsoka, shi ya sa gyare-gyaren suka yawaita a zamanin nan.

Gidan tamu ƙaguwar

Ƙaguwar koguna da fadamun ƙasashen nan namu garinta Potamonautidae, gari ne na ƙaguwoyin ruwan daɗi na Afirka. Gidan da ya fi yawa a Nijeriya shi ne Sudanonautes. Wani Bajamushe mai suna Richard Bott ya kafa sunan a 1955, ma'anarsa kuwa matuƙin jirgin Sudan, Sudan ɗin nan kuma sunan da Larabawa suka ba ƙasashen baƙar fata da ke kudu da Sahara tun dā. Kafin haka an kira waɗannan ƙaguwoyi Thelphusa, an kira su Potamonautes, duk dai neman gidan da ya dace da su a ke yi.

Cikin gidan akwai Sudanonautes africanus, babba, ta rafukan kurmi, wadda faɗin bayanta kan kai inci 4. Akwai Sudanonautes aubryi, akwai Sudanonautes floweri. Wadda ta fi kusa da sha'aninmu ita ce Sudanonautes monodi, ta busassun ƙasashe, wadda a ke samu daga Arewacin Nijeriya zuwa Kamaru da Cadi. An bayyana ta a 1929, aka sa mata sunan Monod, wani Bafaranshe da ya ƙare rayuwarsa yana binciken Sahara. A 1999 wani masani mai suna Neil Cumberlidge ya tara ƙaguwoyin ruwan daɗi na Afirka ta Yamma cikin littafi guda, shi ne madogarar masu wannan aiki.

Yaya a ke rarrabe iri da iri alhali ga ido duk kamarsu ɗaya? Kama da wane ba wane ba ne. Launi ba abin dogara ba ne, gama ya kan sauya da ruwa da shekaru. Abin da a ke dubawa shi ne tudun ƙoƙon baya, da wani layi da ya ratsa shi bayan idanu, da haƙoran gefe. Mafi ƙarfin hujja kuwa yana jikin namiji. Marfin cikin namiji siriri ne, na mace faffaɗa ne kamar faifai, don a nan ta ke riƙe ƙwai. In aka ɗaga marfin namiji za a ga waɗansu 'yan tsinkaye da ya ke barbara da su, lanƙwasar bakinsu kuwa ta kowane iri dabam ce. Shi ya sa wanda ya kai wa masani mace kaɗai ya kai masa rabin shaida.

Abin da ya sa monodi ta iya ƙasarmu shi ne numfashinta. Ƙaguwar teku da abin tace iska daga ruwa ta ke numfashi, irin na kifi. Ita tamu tana da wannan, amma saman ɗakin da ya ke ciki ya kumbura ya zama kamar huhu, yana shaƙar iskar sarari. In rani ya yi, fadama ta bushe, sai ta haƙa rami ta bi laima ƙasa, ta zauna can har ruwan sama ya sauko.

Babban bambanci yana wajen haihuwa

Macen Carcinus ta kan ɗauki ƙwai har 185,000 a lokaci guda, ƙanana ƙwarai. In sun ƙyanƙyashe ba su kama da uwarsu ko kaɗan, kamar yadda talibambam ba ya kama da kwaɗo. Waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittu ne masu ƙaya, suna yawo cikin teku mako da makonni, suna saɓa suna sake kama, kifi yana cinye galibinsu, kafin 'yan kaɗan su sauka ƙasa su zama ƙaguwa. Ko babbar ƙaguwar tudu ta wajen Ikko, Cardisoma armatum, wadda ke zaune cikin rami a bakin gaɓa, tilas ta kai 'ya'yanta ruwan gishiri.

Tamu kuwa ta yanke hulɗa da teku gaba ɗaya. Ƙwanta manya ne, ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, sau da yawa ma ba su kai haka ba. Duk sake-saken kamar nan cikin ƙwai a ke gama shi, abin da zai fito ƙaguwa ce cikakkiya, 'yar ƙarama. Uwar ta kan riƙe su ƙarƙashin marfinta kwana da kwanaki, kamar mai goyo, kafin su watse.

Wannan bambanci yana da sakamako babba. 'Ya'yan Carcinus su kan shiga ruwan da jiragen ruwa ke ɗiba don daidaita nauyi, manyan kuma su maƙale a jikin jirgi ko cikin kaya. Ta haka aka gan ta a gabashin Amurka a 1817, a Afirka ta Kudu a 1983, a San Faransisko a 1989, tana cinye katantanwar da masunta ke rayuwa a kai, har ta shiga jerin baƙin halittu mafi ɓarna a duniya. Ƙaguwar ruwan daɗi ba ta da wannan hanya. Inda uwa ta ke nan 'ya'ya ke tashi. Saboda haka akwai irin da duk duniya ba a samunsa sai a rafi ɗaya ko dutse ɗaya, in rafin ya mutu irin ya tafi ke nan. Ƙaguwoyin ruwan daɗi sun haura iri 1,300, binciken da aka buga a 2009 kuwa ya nuna wajen ɗaya cikin shida nasu suna cikin haɗarin ƙarewa. Mu da muka ga yadda fadamun Haɗejiya da Nguru suka ragu bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ga kuma maganar ta Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are da aka daɗe ana yi, bai kamata mu ɗauki wannan labarin nesa ba.

To, shaidar suna ta gaya mana ƙaguwarmu ƙaguwa ce ta ainihi, gundumarsu ɗaya da na teku, ginin jikinsu ɗaya, har abin numfashin ruwa tana nan da shi. Masana sun haɗu a kan cewa kakannin ƙaguwoyin ruwan daɗi daga teku suka hauro. Sauran tambaya ita ce yaushe. Wannan sai mu tambayi dutse.

Yadda halitta ke zama dutse

In dabba ta mutu, galibi ruɓewa ta ke yi, ko wani abu ya cinye ta. Amma in laka ta rufe ta da sauri, iska ba ta kai gare ta ba, sai laka ta yi ta taruwa bisa laka, nauyi ya danne, da daɗewa ta zama dutse, siffar dabbar kuwa ta zauna a ciki. Irin wannan shi a ke kira burbushin halittun dā. Ba Turawa suka fara lura da shi ba. Wajen shekara 1,000 da ta wuce Albiruni ya rubuta cewa hamadar Larabawa teku ce a dā, hujjarsa kuwa ita ce ɓawon katantanwar ruwa da masu haƙar rijiya ke tonowa.

Ana sanin shekarun dutse ta hanya biyu. Ta farko, duwatsun laka hawa-hawa su ke kamar tabarmin da aka jibga, na ƙasa ya riga na sama. Ta biyu, cikin tokar dutse mai aman wuta akwai ma'adinai irin su yuraniyom, wanda a ke haƙa a Arlit ta Nijar. Shi yuraniyom yana rikiɗa ya koma dalma sannu a hankali, bisa ƙa'idar da aka auna aka sani. In aka gwada yawan wanda ya rikiɗa da wanda ya saura, sai a fitar da shekarun hawan da tokar ke ciki.

Da wannan awo aka gane ƙaguwoyi na fari sun bayyana cikin teku fiye da shekara miliyan 170 da suka wuce, a zamanin da a ke kira Jurasik. Suka yawaita a zamanin da ya biyo, watau Kiretashiyos, wanda ya ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Sai dai ƙaguwa ba ta da saurin zama dutse kamar katantanwa. Ɓawonta gaɓa-gaɓa ne, da ta mutu sai ya wargaje. Abin da ya fi saura shi ne bakin awartaki, don ya fi tauri.

Teku a ƙasar Bauchi ta dā

Wanda ya tona ƙasa a Azare ba zai sami katantanwar teku ba. Mu a gefen kwarin Cadi mu ke zaune, bisa yashi da yumɓun da tafki da koguna suka zuba cikin 'yan miliyoyin shekarun baya-bayan nan, iska kuma ta tara jigayi a kai. Amma a yi kudu maso gabas kamar mil 100 a miƙe, zuwa kwarin Gongola, a isa Ashaka kusa da Bajoga, wadda ke cikin Jihar Bauchi har 1996 da aka yanke Gombe. Farin dutsen da a ke fasawa can a yi siminti laka ce ta ƙarƙashin teku. Wajen shekara miliyan 94 da suka wuce ruwan teku ya ƙaru a duniya, wani hannu nasa ya ratso Sahara daga arewa ta ƙasar Nijar, wani ya hauro ta kwarin Binuwai daga kudu, suka haɗu. A lokacin nan da akwai jirgi da ya tashi daga inda Bahar Rum ta ke yau ya fita ta gaɓar Nijeriya bai taɓa tudu ba.

Dutsen Ashaka cike ya ke da wata halitta mai ɓawo a naɗe kamar ƙahon rago, ana kiranta amonayit, dangin dorinar ruwa mai hannu da yawa ce, ta kuwa ƙare a duniya tuni. Tun a 1911, cikin littafin Falconer a kan duwatsun Nijeriya ta Arewa, wani masani Henry Woods ya bayyana waɗansu daga wannan yanki. A 1954 Richard Reyment ya kafa sababbin gidaje, ya sa wa ɗaya Gombeoceras, ɗaya Bauchioceras, watau ƙahon Gombe da ƙahon Bauchi. Daga baya masana suka mai da su cikin waɗansu gidajen da aka riga aka sani, irin gyaran adireshin nan da na faɗa, amma sunayen suna nan cikin littattafai.

Can yamma kuma teku ta sake shigowa daga baya, ta wajen Mali, ta kwanta a ƙasar Sakkwato. Ita ta bar ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren ruwa da aka sa wa Goronyosaurus a 1972, da sunan Goronyo, ita ta kuma bar farin dutsen Kalambaina da a ke siminti da shi.

Ƙaguwa fa? Akwai ta. A 1924 Withers ya bayyana ƙaguwoyin teku da suka zama dutse daga Kudancin Nijeriya. A 1975 kuma Collins da Morris suka bayyana wata daga duwatsun Kiretashiyos na Nijeriya, suka kafa mata sabon gida, suka kira ta Costacopluma concava. Bayanta yana da waɗansu tudu a gicciye kamar kunyoyin gona. Bayan haka an sami 'yan gidan nan a Senegal, da Indiya, da Meziko, da waɗansu ƙasashe, amma ta Nijeriya ita ce ma'aunin gidan duka, da ita a ke gwada sauran.

Ko tamu ragowar wannan teku ce?

Nan ne mai gaggawa zai yi tuntuɓe. Zai ce, to, ai magana ta fito: teku ta zo ƙasarmu, ta janye, ta bar ƙaguwa a fadama. Maganar tana da daɗin ji, yara kuma za su karɓe ta nan da nan. Amma a koma ga shaidun nan biyu.

Shaidar suna ta ce Costacopluma garinta Retroplumidae, 'yan garin da suka saura da rai kuwa suna can ƙarƙashin teku mai zurfi wajen Indiya da gabas da ita. Ba su haɗa gari da Sudanonautes ba, balle gida. Shaidar dutse kuma ta ce mafi tsufan burbushin ƙaguwar ruwan daɗi ta garin Potamonautidae shi ne wanda aka tono a kwarin Rukwa na Tanzaniya, aka bayyana shi a 2007 da sunan Tanzanonautes, shekarunsa wajen miliyan 25. Tsakaninsa da ƙarshen Kiretashiyos akwai shekara miliyan 40, ba a kuwa sami dutsen da ya haɗa su ba.

Dalilin wannan giɓi ba boyayye ba ne. Ƙasan teku wurin ajiya ne, laka tana sauka a hankali tana rufe abin da ya mutu. Kogi kuwa mai kwashewa ne. Ƙaguwar da ta mutu a fadamar Katagum, in zalɓe bai ɗauke ta ba tsari ko tarwaɗa za su cinye ta, abin da ya saura ambaliya ta niƙe shi cikin yashi. Sai an yi babbar sa'a a ke samun irin wadda aka bayyana a 2021 daga ƙasar Bama ta Asiya, wata 'yar ƙaguwa da ƙaron itace ya rufe wajen shekara miliyan 100 da suka wuce, ta zauna cikinsa da idanunta da abin numfashinta. Ƙaron itace kuwa a tudu ya ke zuba, saboda haka tun a wancan zamani waɗansu ƙaguwoyi sun fara barin teku. Bincike ya kuma nuna haurowar nan ba sau ɗaya aka yi ta ba, zuriyoyi dabam-dabam sun yi ta a wurare dabam-dabam.

Abin da malami zai tsaya a kai gaban yara ke nan: kakannin ƙaguwarmu daga teku su ke, teku ta taɓa kwanciya a kwarin Gongola da ƙasar Sakkwato, amma ba a tabbatar cewa waccan teku ce ta bar mana wannan ƙaguwa ba. Yaron da ya koyi raba abin da aka tabbatar da abin da a ke zato ya sami abin da ya fi sunayen Latinanci amfani, ko da bai zama masanin dabbobi ba.

Aikin da ya rage gare mu

Ga shawarata ga ɗalibanmu masu fita gwajin koyarwa da damina. A sami masunci ya kamo ƙaguwa biyu, mace da namiji. Kada a tura yara su zura hannu cikin rami, gama maciji ma ya kan shiga. A sa su cikin kwano da ɗan ruwa kaɗan da ciyawa, kada ruwan ya shanye kansu. A kama ta baya, yatsa ɗaya bisa ɗaya ƙarƙashi, inda awartaki ba ya kaiwa. Yara su ƙirga ƙafafu da kansu, su birkice su su faɗi wace ce macen, su auna faɗin baya da rula, su zana abin da suka gani. A ajiye fara da kunama matacciya a gefe, a tambaye su abin da ya haɗa ukun da abin da ya raba su. Sai bayan sun faɗa da bakinsu za a rubuta matakan nan a allo. Gani ya kori ji. In an gama a mai da ƙaguwoyin inda aka ɗebo su.

A kuma gaya musu duk mai cin ƙaguwa ya dafa ta ta nuna sarai. Akwai wata tsutsa mai shiga huhun mutum ta hanyar ɗanyar ƙaguwar ruwan daɗi, tana sa tari da jini har a zaci tarin fuka ne. Cutar ta yawaita a Gabashin Nijeriya bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sa'ad da yunwa ta sa mutane cin ƙaguwar da ba ta dahu ba.

Waɗanda aka tura makarantun wajen Bajoga, ko masu zuwa hutu can, su nemi izini su samo mana amonayit ko biyu don ɗakin kimiyya. Kowace rana ana ƙona irinsu a yi siminti, wanda aka tsamo aka ajiye kuwa zai koyar da yara shekara da shekaru. Sharaɗi ɗaya ne, ko ƙaguwa ce ko dutse: a rubuta wurin da aka same shi, da ranar, da sunan wanda ya samo, a manna a jiki. Dutsen da ba a san inda ya fito ba ya zama abin danne takarda kawai.

Ina kuma roƙon kowane ɗalibi ya tambayi tsofaffin garinsu, musamman masunta, sunayen da su ke kiran ƙaguwa da Hausa, da Fulatanci, da Barbarci, da Karekare, da watan da ta ke fitowa, da fadamun da a ke samunta dā amma yanzu babu. Ku kawo mini abin da kuka samo bayan hutu, mu tara shi wuri ɗaya, in Allah ya yarda mu buga shi a wannan mujalla da sunan garin kowa.